Bangon da Ya Sha Toka

Jiya da hantsi ina zaune a bakin ƙofa ina ba 'yata nono, sai ga masu fenti sun sauka a gidan da ke kallon namu. Ko tsintsiya ba su ɗauka ba. Suka buɗe bokiti, suka tsoma wannan abin mai gashi da ake gangarawa a jikin bango, suka hau shafawa a kan yanar gizo-gizo, a kan gidan zanzaro, a kan majinar da yaran layi suka goga tun bara. Kafin azahar gida ya zama ruwan madara, suka wanke hannu suka hau mashin. Ban ji ƙarar kankare bango ko sau ɗaya ba. Abin ya tsaya mini a rai, har yarinyar ta saki nono ta yi tarin nan nata mai kama da ana jan kwano a ƙasa, ni kuwa hankalina ya tafi wani wuri da yanzu ko da mota ba a zuwa, don babu shi.

Ban tsufa ba, wannan ce haihuwata ta fari. Amma a garin nan mutum kan tsufa da wuri, domin inda aka binne cibiyarsa yakan riga shi mutuwa. Ƙauyenmu yana can gefen hanyar filin jirgi, inda yau aka jera gidaje iri ɗaya masu jan rufi kamar rana guda aka haife su. Na taɓa bi ta wurin da goyo, na tsaya ina neman inda ɗorawar ƙofar gidanmu take, maigadi ya leƙo ya ce madam ba a talla a nan. Na gyara goyona na wuce. Me zan ce? In gaya masa a daidai inda ya kafa kujerarsa akuyar kakata take haihuwa?

A can, idan an gama haƙar doya, dawa ta shiga rumbu, ruwan sama ya ɗauke ƙafa, akwai wata ƙara da ke tashin gari tun zakara bai gama cika baki ba. Ƙar, ƙar, ƙar, daga wannan gida zuwa wancan. Mata ne ke kankare bango, kowace da guntun tsohuwar fartanya ko tsingaron tukunya. Mu a kafaɗa muke ɗaukar kaya, ba a ka ba, to in ka hango layin 'yan mata sun taso daga rafi, kowace tulu a kafaɗa wuya a karkace, ka san lokacin gyaran ɗakuna ya yi. Gari duk ya ɗauki ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da tsamin makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a tsohuwar randa har ruwansa ya yi ja. Ana aikin ana zagin juna ta kan danga. Wannan ta ce wa waccan bangonki ya fi fuskar mijinki ramuka, waccan ta ce aƙalla nawa mijin yana da fuskar. Shafa farar ƙasa kuwa shi ne na ƙarshe kuma shi ne ƙarami, aikin yini guda da ake bar wa yara. Aikin gaske duk a ƙarƙashi yake, inda ido ba zai sake gani ba.

Kakata, uwar babana, ita ta riƙe ni, don babana ya rasu ina rarrafe, uwata kuma ta yi wani aure can wajen Uke. Ɗaki ɗaya muke kwana ni da ita. Babana ne ya gina mata shi kafin ya kwanta ciwo, na ƙasa ne mai rufin kwano, a kan tudun gidan, inda ko an kwana ana ruwa ƙofarsa a bushe take. A saman ƙofar ta waje ya danna tafin hannunsa a ɗanyen yaɓe, shaidar ta zauna. Ni ban san fuskarsa ba, hannun nan na sani. Duk shekara Kaka takan kankare ko'ina ta zagaye wurin, sai dai ta hure masa ƙura da bakinta.

Yadda take fara aiki ma abin kallo ne. Ba ta taɓa fartanya sai ta zagaye ɗakin tana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, kunnenta a jikin bango, kamar mai zaɓen tukunya a kasuwa. Inda ya amsa da ƙarfi ta wuce. Inda ya amsa kamar fanko ta ce gara ta yi gida, ta fasa wurin ta kwashe ta, ta zuba toka. Idan ta sami tsaga siririya, maimakon ta toshe sai ta ƙara buɗe ta har hannuna ya shiga. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce, ƙawata, don haka take kirana, ciwon da ba a buɗe ba ba ya jin magani. Daga nan a yayyafa ruwa, a cusa yumɓun da aka kwaɓa da yankakkiyar ciyawa da kashin shanu aka bari ya kwana ya yi ɗoyi, a jira ya bushe. Jiran ne ke gundurata. In na ce Kaka ya bushe, ta ce bakinsa ne ya bushe, cikinsa da saura. Sai ya bushe har ciki a shafa ruwan makuba, a ɗauki ɗan dutsen rafi mai santsi a goge, a goge, har bango ya yi ƙyalli kamar goshin jariri. Ƙarshe ta rufe ido ta bi shi da tafin hannu. Inda hannunta ya tsaya, a koma. Tana da magana guda da ba ta gajiya da ita, wai bango kamar ciki ne, abin da ka ba shi shi zai dawo maka da shi.

Da na riƙe wannan magana ranar da muka zo duba ɗakin da muke ciki yanzu a Lugbe, da ba haka ba. Ina da tsohon ciki, na gaji da yawo, aka buɗe ƙofa na ga fenti rawaya sabo fil yana ƙamshi, na ce wa maigidana a nan zan haihu. Ban ƙwanƙwasa ba, ban shafa ba. Ruwan farkon damina na sauka, baƙar fumfuna ta fara tsirowa ta ƙarƙashin rawayan, daga bayan gado ta hau har kusa da silin, katifa kullum kamar an yi mata fitsari. A ciki na haifi yarinyar nan, iskarsa ta fara shaƙa. An kai ta asibiti an dawo, an sake kaiwa, ma'aikaciyar ta ce in ba mu raba ta da danshi ba ƙirjinta ba zai saki ba. Na je na durƙusa wa mai gidan hayar, wanda kowa ke ce wa Oga, ya ce in riƙa buɗe taga. Da na dame shi, sai ya ce tunda ɗakin bai yi mana ba mu tattara, zai yi sabon fenti ya sa waɗanda suka san darajarsa. Tun ranar ba wanda nake tunawa irin Baba Ƙarami.

Baba Ƙarami ƙanen babana ne, autan Kaka. Ya tafi Wuse, can cikin birni, yana kwandastan bas, ya dawo da takalmi mai tsini da baƙin tabarau, kowace magana sai ya fara ta da oya, wato maza-maza a bakin 'yan tasha. Lokacin ne baƙi suka fara kwararowa, ma'aikata da 'yan kasuwa da masu neman aikin gini, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa, har garken awaki in an sa masa ƙyaure ya zama ɗakin haya. Ya zagaya gidan da hannu a aljihu, idonsa ya tsaya a kan tudu. Ya ce shi ne namijin da ya rage a gidan, ɗakin nan asara ake yi da shi, tsohuwa da yarinya me suke da shi da ba zai shiga ɗakin doya ba. Zai yi masa siminti ya yi fenti ya sa mutum, abin da aka samu ai na gida ne. Ɗakin doyar kuwa a gangare yake, jikinsa ɗaya da garken awaki, wurin da doyar ma in ta kai damina ruɓewa take. Kaka ta kai maganar gaban dattawa, amma ya riga ta zuwa da goro da taba da abin sha. Suka ce ta yi haƙuri, zamani ne, na ɗan lokaci ne.

Ba ta yi ihu ba, ba ta yi baki ba, abin da kowa ya zata za ta yi. Ta kwashe tukwanenta, ni na ɗauki tabarma da fitila, muka gangara. Da magini ya zo, tana zaune a kan dutsen niƙa tana kallo. Ya sassare ƙyallin da ta shekara da shekaru tana gogewa don siminti ya sami abin kamawa. Ya iso saman ƙofa ya ga hannun, ya ɗan dakata, ya tambaya ko a bar wannan. Baba Ƙarami ya ce oya rufe, wa zai kama ɗaki da hannun mamaci a kansa. Cokalin gini ɗaya ya isa. Na kalli Kaka. Goro ne a bakinta, ta daina taunawa, shi ke nan abin da na gani.

Da aka gama yaɓen, magini ya ce sabon siminti sai ana ba shi ruwa safe da yamma na wasu kwanaki, in ba haka ba zai tsattsage. Baba Ƙarami zai koma bakin motarsa, kuma ba ya son ɗaukar kowa aiki. Sai Kaka ta ce, Auta, bar mini, ni da ƙawata za mu yi, kuma in mai fenti zai zo ni zan share in goge masa. Daɗi ya kama shi. Ya tsaya a dandali yana gaya wa mutane su zo su ga tsohuwar da ta waye, wadda ta gane ci gaba, ba irin iyayen wasu ba.

Washegari Kaka ta tara karan dawar gonarmu kaf ta cinna masa wuta. Ta bi gida-gida tana roƙon toka. Mu da ma muna ɗiga ruwan toka don miya, a cika tukunya mai huji da toka, a zuba ruwa, ya riƙa ɗiga a ƙwarya, ɗan kaɗan ya isa tukunyar kuɓewa. Amma wannan karon duk wata tsohuwar tukunya da ke gidan sai da ta huda ta ta jera a bayan ɗakin doya, kana wucewa kana jin ɗis, ɗis, ɗis. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce, Kaka, miyar gari duka za ki kaɗa ne? Ta ce baƙi take jira, masu ci da yawa. Ta fasa kanwar da take ajiye wa awaki ta jiƙa. Ta kama kajinta ta kai kasuwa ta dawo da gishiri a kafaɗa. Duk a randa ɗaya suke haɗuwa, ta sirka da ruwan rafi, wanda da ma ba fari ba ne, ba mai bambancewa.

Da rana tsaka muke aikinmu, ba a ɓoye ba. Ni ina ɗebowa, ita tana watsawa da ƙwarya, ciki da waje, daga sama har gindi, tana amsa gaisuwar masu wucewa. Sannu da aiki Kaka, Allah ya ba da lada. Ta ce amin. Sabon siminti kuwa ƙishirwa gare shi, yana sha yana tsotsewa. Hannuna ya fara santsi, ya koma zafi, fatar yatsuna ta saɓule. Na nuna mata na ce wannan ruwan cizo yake. Ta shafa mini man kaɗanya ta ce tulu mai murfi shi ke kai ruwa gida. Na gane, na rufe bakina. Kwanakin da magini ya faɗa suka wuce ba mu daina ba. Duk safiya bangon kan wayi gari da wani farin gari kamar an barbaɗa masa alli, ta bi shi da tsintsiya ta kaɗe, ta sake shayar da shi. Ana gobe mai fenti zai zo ta ɗauko dutsenta na rafi ta goge simintin nan kamar yadda take yi wa nata bangon, ta rufe ido ta bi da hannu. Mai fentin, wani mutum mai yawan dariya, ya rantse bai taɓa hawa bango mai tsabta irin wannan ba. Ya shafa shuɗi mai ƙyalli, ɗaki ya fito kamar na cikin gari, yara daga unguwar ƙetare suna zuwa kallo.

Wani ma'aikacin ofis ya shiga da amaryarsa, mutanen kirki, 'yan coci, matar takan ba ni biskit. Na ce wa Kaka su fa ba su yi mana komai ba. Ta ce ba da su take ba, mai ƙafa in wuri ya ƙi shi tafiya yake, bango ne ba ya tafiya.

Rani ya wuce lafiya, har na fara zaton wahalar banza muka sha. Sai hadari ya haɗo. Ruwan ya same mu a ɗakin doya ta sama da ta ƙasa, fitsarin awaki yana tsattsafowa ta gindin bango, tabarma ba ta bushewa, Kaka ta fara wani ɗan tari. Amma duk safiya sai ta lallaɓa ta hau dutsen niƙa ta fuskanci tudu, kamar manomin da ke jiran tsiro. Ba ta daɗe tana jira ba. Shuɗin ya fara yin bororo, ƙanana kamar ƙurajen zafi, suka girma suka kai tafin hannu, in ka latsa ruwa mai yauƙi ya fito. Suka fashe, fenti ya riƙa zubowa kamar saɓar maciji, amarya ta ce har cikin miyarta yake faɗawa. Inda ya zube wani farin gemu ya tsiro. Sannan awaki suka gano. Tamu ce ta fara, wata ja mai karyayyen ƙaho, ta sa harshe sau ɗaya ta ƙi tafiya. Kafin kasuwa ta zagayo awakin ƙauyen duka sun san hanya. Ka fito da safe ka gan su sun jeru a jikin ɗakin Baba Ƙarami, wasu sun miƙe a kan ƙafafun baya, suna lasa suna lumshe ido, gemunsu duk shuɗi. Ranar Kaka ta yi dariyar da ta ƙare da tari, ta share hawaye ta ce baƙinta sun iso.

Ma'aikacin ya kwashe matarsa. Baba Ƙarami ya zo ya tsine wa mai fenti, ya kawo wani, aka shafa sabo a kan tsohon, bai kai wata guda ba ya bi ɗan'uwansa. Aka ce masa sammu ne. Ya kawo malam ya yayyafa rubutu a kusurwoyi, bai tsaya nan ba ya kawo fasto ya shafe bangon da man addu'a, don gidanmu kowane ɓangare akwai namu. Kaka na kallo ta ce mini a hankali, madalla, mai ma ba ya barin fenti ya zauna. Wani ya kama ɗakin ya gudu, wani ya zo dubawa ya tarar da bunsuru a bakin ƙofa ya juya. Aka sa wa ɗakin suna Mai Ƙazwa, har masu mashin suna kwatance da shi.

Ni dai ba dariya nake ba a lokacin, don tarin Kaka ya sauka ƙirji. Damina ta biyu ta same mu a gangare, ta rame, tulu ya fi ƙarfin kafaɗarta. Na roƙe ta ta je ta durƙusa masa ko zai bar mu mu koma, tunda ba mai shiga. Ta ce ita ta durƙusa ta haife shi, wannan durƙuson ya isa. Tsoro ya cika ni, kullum ina lissafin wanda zai riga faɗuwa, taurin kan Baba Ƙarami ko ƙirjin Kaka.

Wata safiya ya zo yana korar awaki da sanda, ya kore su suka dawo, ya sake kora suka dawo. Sai ya tsaya, ya cire tabarau, ya daɗe yana kallon ja mai karyayyen ƙaho. Ya dangwali farin gemun bangon ya kai bakinsa. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya gangaro inda muke, ya tsaya a kan Kaka tana ɓarar gyaɗa.

"Mama, bangon nan gishiri ne da kanwa. Ke ce?"

Ba ta ɗaga kai ba. "Ni na shayar da kai, Auta. Na san abin da cikinka ke riƙewa, na san abin da yake amayarwa. Shi ma bangon nan ni na raine shi."

Ya ce zai tara dattawa. Ta ce ya tara, ya tsaya a dandalin da ya tsaya ya yabe ta, ya gaya musu tsohuwa da awaki sun kayar da shi, in sun tambayi dalili ya kai su su ga inda uwarsa ke kwana. Ya tsaya yana huci. Can ya zaro makulli ya jefar a cikin ɓawon gyaɗa, ya ce mu je mu ci ruɓaɓɓen ɗakin, ya kaɗa takalminsa mai tsini ya fita.

Da ruwa ya ɗauke, matan ƙauyen suka zo da fartanyoyinsu ba tare da an kira su ba, don zuwa lokacin kowace ta gane inda tokarta ta tafi. Aka farfashe simintin, aka kwashe aka zuba wa awaki a garke. Kaka na zaune tana nuna iya zurfin da za a sassaƙe ƙasar da ta sha gishiri, ita ta san iya inda ta kai. Ƙar, ƙar, ƙar, gidanmu ya fi kowane gida ƙara a shekarar. Da aka zo saman ƙofa ta ce a ɗaga ta, ita za ta ɓamɓare da kanta. Hannun babana yana nan, amma ruwan da ta watsa bai bar shi ba, ya cinye tafin, yatsun kawai suka rage. Ta ɗora nata a kai ta daɗe. Ba ta ce ta yi nadama ba, ni ma ban taɓa jin ta yi ba. Aka yi sabon yaɓe, aka jira ya bushe har ciki, aka yi makuba, na goge da dutsenta tana gyara mini hannu. Muka koma tudu. Tarin bai sake ta ba, ya riga ya yi gida kamar gara, amma kafin wani girbin ya zagayo a ɗakinta ta cika, a kan busasshiyar tabarma, rana na shigowa ta ƙofa.

Baba Ƙarami shi ya fi kowa kuka a wurin binnewa. Shi ne kuma ya fara sa hannu da masu manyan gidaje suka zo neman filin. Yana nan da rai, nakan gan shi a bakin kasuwar Wuse yana kiran fasinja da dasasshiyar murya, ya ce 'yata ya gida, in amsa da leɓe kawai. Masu wa'azi na ɓangarorin biyu sun ce a yafe. Na ji. Su ba su kwana a ɗakin doya ba.

Wancan makon Oga ya aiko cewa kafin mu fita in wanke masa bangon ɗakin tas, ciki da waje, kada masu fenti su zo su tarar da ƙazantarmu. Ƙazantarmu, in ji shi. Na ce to, Oga, an gama. Nan babu karan dawa, amma akwai mai ƙosai a bakin titi da mai gasa masara, kuma murna suke a kwashe musu toka. Na huda tsofaffin robobin fenti da na tsinta a bola na jera a bayan ɗaki. Kanwa da gishiri ba su fi ƙarfina ba. Maigidana ya dawo daga aiki ya ji ɗis, ɗis, ya tambaya, na ba shi labarin Kaka. Ya ce in bar wa Allah. Na ce ai Allah ne ya halicci kanwa. Sai ya ce in dai sa leda a hannu.

Abu ɗaya ya hana ni sukuni, tunanin wata mai ciki da za ta zo ta ga sabon fenti ta ce a nan za ta haihu. Amma damina muke ciki, bangon a jiƙe yake har ƙashi, ba zai jira wata shekara ba kamar na Kaka. Kuma na ga masu fentin da Oga ke kira, su ne na jiya a gidan da ke kallon namu, na gaya muku ko tsintsiya ba sa ɗauka. Da za su kankare, su wanke, su jira ya bushe, da sun kwashe rabin abin da na zuba, da ma tun farko 'yata ba ta yi tari ba. Ba za su yi ba. Za su gangara abinsu a kai su hau mashin, kafin Oga ya gama nuna ɗakin ga na farko bangon zai fara magana, duk uwar da ta leƙo ta gani da idonta.

Yau da safe na kai yarinyar wurin maƙwabciya, na fitar da kayanmu waje don motar da za ta kai mu wurin uwata a Uke, na ɗauki roba na fara watsawa, daga sama har gindi. Oga ya biyo ta layin da waya a kunne, ya tsaya ya ga yadda nake bin kowace kusurwa ina maimaitawa.

"Ka ga aiki," in ji shi. "Madam, ashe kin iya. Allah ya ba da lada."

Na ce amin, Oga.

Awakin Lugbe ba su da yawa, ba kamar namu na da ba. Amma muna ɗora katifa a mota na waiga, na ga wata baƙa ta baro bola, ta tsaya a gindin bangon tana shinshina.